Koyar da Yara Zaman Intanet a Makaranta: Me Ya Sa Tsoratarwa Ba Ta Isa Ba?

A makarantu da yawa a duniya, darasin kare kai a intanet ba ya wuce taro guda a shekara. Akan tara ɗalibai a babban ɗaki, sau da yawa a watan Fabrairu, lokacin ranar wayar da kai kan amincin intanet da aka soma yi a Turai a 2004, a gayyato ɗan sanda ko masanin kwamfuta, a nuna bidiyon wata yarinya da baƙo ya yaudara, a gargaɗe su kada su ba kowa kalmar sirrinsu, sannan kowa ya koma ajinsa. A rubuce, makaranta ta sauke nauyin da ke kanta. Amma yaron da ya fito daga wannan ɗaki zai kwana da waya a ƙarƙashin matashin kai, kuma duk abin da zai same shi zai same shi ne a lokacin da babu malami ko uba a kusa. Saboda haka nake ganin hanyar auna wannan darasi ita ce a duba abin da yaron zai iya yi shi kaɗai da tsakar dare, da kuma ko zai iya buɗe baki ya faɗa wa wani babba idan gari ya waye.

Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa ɗaya daga cikin kowane mutum uku da ke amfani da intanet a duniya bai kai shekara 18 ba. Amma waɗanda suka gina intanet ba su gina ta da yara a ransu ba. Ko shekara 13 da yawancin shafukan sada zumunta suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, asalinta wata dokar Amurka ce ta 1998 wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai wannan shekarar ba sai da izinin iyayensu. Kamfanoni suka ga ya fi musu sauƙi su ce ba sa karɓar 'yan ƙasa da 13, sai lambar ta bazu a duniya har iyaye da malamai suka ɗauka wani bincike ne ya nuna cewa a nan hankalin yaro yake cika. Yaro ɗan shekara goma kuwa ba ya buƙatar komai illa ya sauya shekarar haihuwarsa a wurin rajista, ya shige.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya daɗe yana kashe wa malamai gwiwa, wato zaton cewa yaran zamani sun fi manya sanin intanet, don haka babu abin da za a koya musu. Marubucin nan Ba'amurke Marc Prensky ne ya yaɗa wannan tunani a 2001, inda ya kira yaran da aka haifa cikin zamanin kwamfuta 'yan asalin wannan duniya, manya kuma baƙi. Gaskiya ne yatsun yaro sun fi na malaminsa sauri, kuma ya fi shi sanin inda kowane maɓalli yake. Sai dai saurin yatsa daban, hangen nesa daban. A wani gwaji na ƙasa da ƙasa da aka yi a 2018 kan ɗaliban aji takwas a ƙasashe fiye da goma, kashi 2 cikin 100 kacal ne suka kai matakin ƙoli na iya nemo bayani a kwamfuta da tantance ingancinsa. Jarrabawar PISA ta wannan shekarar, wadda ake yi wa ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ta nuna cewa a ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda yawancinsu masu arziki ne, ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke iya raba tabbataccen zance da ra'ayi idan alamomin ba a fili suke ba. Kafin nan, a 2016, masu bincike a Jami'ar Stanford sun tattara amsoshin ɗalibai kusan 7,800, suka tarar da fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari, alhali an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka saka ta. Waɗannan yara ne da suka tashi da kwamfuta a gida da makaranta, kuma duk da haka sabo bai koya musu abin da ba a zaunar da su an koya musu ba.

Abubuwa biyu ne ake haɗawa a wannan darasi, kuma yana da kyau a bambance su. Na farko shi ne kare kai, wato yadda yaro zai tsira daga cutar da za ta iya zuwa masa. Na biyu shi ne zama ɗan ƙasa nagari a intanet, wato yadda zai zauna da mutane a can, ya san haƙƙinsa da haƙƙin wasu, ya iya tantance labari, ya kuma amfana da abin da ke ciki. Farfesa Sonia Livingstone ta Landan da abokan aikinta, waɗanda suka shafe shekaru suna bin diddigin rayuwar yaran Turai a intanet, sun kasa haɗarin gida uku tun da farko: abin da yaro yake gani, wanda yake tuntuɓarsa, da abin da shi kansa yake aikatawa tare da tsaransa. A 2021 suka ƙara na huɗu, wato yadda kamfanoni da 'yan kasuwa suke cin moriyarsa ta hanyar kwashe bayanansa, da caca, da sayayya cikin wasanni. Amfanin wannan rabe-rabe shi ne yana tona inda taron shekara-shekara ya gaza, domin kusan dukkan lokacinsa yana tafiya ne a kan gida na biyu, har ma a kan ɓangare guda na gidan, wato baƙon da ba a sani ba.

A ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan abin da ke aiki wajen hana cin zarafin yara ta intanet, kuma cikin abin da ta jaddada har da cewa an cika dogaro da gargaɗin guje wa baƙo, alhali da yawa daga cikin masu cutar da yara mutane ne da yaran suka sani: abokan aji, tsofaffin masoya, 'yan uwa, ko manyan da aka amince da su. Idan aka koya wa yarinya cewa haɗari yana zuwa ne daga wani mugun mutum mai ɓoye fuska, ranar da abokin ajinta ya matsa mata ta turo masa hoto ba za ta gane cewa wannan ne abin da aka yi mata gargaɗi a kai ba, domin bai yi kama da mutumin cikin bidiyon ba. Rahoton ya kuma nuna cewa shirye-shiryen da ke tasiri su ne masu zama da yawa, masu sa ɗalibai su gwada abin da kansu, su yi muhawara, su kwaikwayi yadda za su amsa, maimakon su zauna suna sauraron jawabi.

Wannan ba ya nufin baƙo ba ya cutarwa. Mu dubi wani nau'i na damfara da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, domin a cikinsa ne ake ganin inda darasin tsoro yake komawa ya cutar da wanda aka so karewa. Yaro ɗan shekara 15 yana kwance da dare sai saƙo ya shigo daga wani shafi mai ɗauke da hoton budurwa. Tana bin wasu daga cikin abokansa, don haka bai yi zargin komai ba. Cikin awa guda hira ta yi nisa, ta turo hoto ta nemi shi ma ya turo nasa. Da zarar ya tura sai murya ta sauya: ga jerin sunayen 'yan ajinsu da 'yan uwansa da aka kwafo daga shafinsa, ga hoton an jera kusa da sunayen, ga kuma wa'adin minti goma ya turo kuɗi ko a watsa. A watan Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan, inda ta ce cikin shekara guda ta karɓi rahotanni fiye da 7,000, waɗanda abin ya shafa sun kai aƙalla 3,000, yawancinsu samari ne, kuma fiye da goma sun kashe kansu.

Makamin ɗan damfarar nan guda ɗaya ne, shi ne kunya. Ya san yaron ya gwammace komai a kan mahaifinsa ya ji. To idan duk abin da makaranta ta faɗa wa wannan yaro shi ne mai tura hoto wawa ne, ya ɓata rayuwarsa har abada, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka, ashe ta riga ta taya ɗan damfarar rufe ƙofa. Abin da yaron yake buƙatar ya riga ya ji, ya kuma maimaita a aji har ya zauna masa, shi ne cewa biyan kuɗi ba ya kawo ƙarshen barazanar, sai ma ya jawo sabuwar buƙata; cewa ya daina amsawa amma kada ya goge saƙonnin domin hujja ce; cewa akwai hanyoyin neman a cire hoton, irin wadda cibiyar kula da yaran da suka ɓata ta Amurka ta buɗe a 2023, mai ba yaro damar sa wa hotonsa alama daga wayarsa ba tare da ya tura shi ko'ina ba; kuma cewa mai laifin shi ne wanda ya yi masa tarkon. Sama da duka, yana buƙatar ya san sunan babban da zai je wurinsa da safe, ya kuma tabbata cewa ba da tsawa za a tarbe shi ba.

A nan ne nake ganin yawancin makarantu suke faɗuwa, kuma faɗuwar ba ta cikin manhajar karatu ba ce. Yara suna ɓoye abin da ya same su saboda sun yi lissafi: idan na faɗa za a ƙwace wayata, za a kira iyayena a gaban mutane, labari zai zagaye makaranta. Ga matashi, ƙwace waya yanke shi ne daga abokansa gaba ɗaya, don haka yakan zaɓi ya haɗiye cutar. Makarantar da ke hukunta wanda ya kawo ƙara daidai da wanda ya yi laifin tana koya wa sauran ɗalibai ɗari su yi shiru, ko da darussanta sun kai nawa. Ɗalibai suna lura da yadda aka yi da na farko da ya yi magana, kuma wannan ne darasin da suke riƙewa.

Ɓangaren zama da mutane ya fi sauƙin fahimta, amma ya fi wuyar koyarwa, domin tarbiyya ce. Mafi yawan ɓacin ran da ɗalibi zai gamu da shi yana faruwa ne a zauren hira na 'yan ajinsu: a ɗauki hoton wata tana barci a aji a yi ta dariya, a cire wani daga zaure da gangan, a ɗauki hoton hirar sirri a watsa. Cin zali a filin makaranta yana ƙarewa idan an tashi, wannan kuwa yana bin yaro har kan gadonsa. An ce magana zarar bunu ce, kuma a intanet lamarin ya fi haka, tunda maganar tana fita ne a rubuce, mutum talatin suna da kwafinta. A irin wannan zaure mai cin zalin ɗaya ne ko biyu, wanda ake zalunta ɗaya ne, sauran duk 'yan kallo ne, kuma su ne darasin ya kamata ya fi mayar da hankali a kansu. Wanda ya tura hoton gaba yana ganin ba shi ya ɗauka ba, wanda ya sa alamar dariya yana ganin bai ce komai ba. Malamin da ya kawo misalin irin wannan hira a aji, ba tare da sunan kowa ba, ya tambayi ɗalibai a wane saƙo ne abin ya tashi daga wasa ya koma wulaƙanci, kuma wace kalma guda wani zai iya rubutawa ta dakatar da shi, ya ba su abin da za su yi amfani da shi a daren ranar.

Tantance labari shi ne fannin da aka fi samun hanya mai tabbas. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Stanford sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2017, inda suka ba masana tarihi 10, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25 shafuka iri ɗaya su auna amincinsu. Masana tarihin da ɗaliban sukan tsaya a kan shafin suna karanta shi daga sama har ƙasa, suna duba kyan tsarinsa da tambarinsa da abin da ya faɗa game da kansa, kuma da yawansu sun ruɗu. Masu tantance labaran kuwa da sun leƙa sai su fice, su buɗe wasu shafukan su binciki abin da wasu suka ce game da masu shafin, kuma cikin ɗan lokaci sukan gano wanda ke bayansa. Dabara ce da kowa ya sani a rayuwa, domin ba a tambayar mutum shaidar kansa, maƙwabtansa ake tambaya. Kuma ana iya koyar da ita a aji: malami ya nuna shafin wata ƙungiya mai suna mai daɗi da ke cewa wani abin sha ba ya cutar da lafiya, ya ba ɗalibai minti biyar su gano mai ɗaukar nauyinta, ya hana su karanta shafin da ƙungiyar ta yi bayanin kanta. Yaron da ya gano da hannunsa cewa kamfanin da ke sayar da abin shan ne ke biyan kuɗin ba zai sake kallon shafi da idon da ba. Finland ta saka irin wannan ƙwarewa cikin manhajar karatunta ta ƙasa da ta fara aiki a 2016, ta yadda ake taɓa ta a darussa daban-daban maimakon a ware mata awa guda. Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya a rubuce kamar mutum, a Nuwambar 2022 da yaɗuwar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa hoto da murya, tsohuwar shawarar neman kuskuren rubutu ko karkataccen hoto ta rage amfani, sai tambayar asali ta ƙara nauyi: wa ya fara fitar da wannan, kuma wa ya tabbatar da shi?

Akwai wani darasi da ba kasafai ake yi ba, wanda a ganina ya fi jan hankalin matasa, shi ne a bayyana musu yadda kamfanonin suke samun kuɗi. Manhajar da ba a biya ba tana rayuwa ne da talla, talla kuma tana bin yawan lokacin da mutum ya ɓata yana kallo. Shi ya sa bidiyo ke bin bidiyo ba tare da an taɓa komai ba, shi ya sa shafin ba shi da ƙarshe, shi ya sa sanarwa ke shigowa daidai lokacin da aka ajiye wayar. Matashi ba ya son a ce masa ba shi da kamun kai, amma ya tsani ya gano cewa wani ne ke juya shi. Idan ya fahimci cewa ƙwararru ne aka biya don su hana shi ajiye wayar, sai laifin da yake ɗora wa kansa ya ragu, ya soma kallon allon a matsayin wurin da ake ciniki da hankalinsa.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban wajen wajabta wannan ilimi. A Amurka, dokar 2000 ta tilasta wa makarantun da ke karɓar rangwamen kuɗin intanet daga gwamnati su sa matatar da ke toshe shafukan batsa, sai aka yi mata gyara a 2008 aka ƙara cewa dole su koyar da ɗalibai ladubban hulɗa a intanet da yadda za su fuskanci cin zali. A Ingila ma'aikatar ilimi ta fitar da jagora a 2019, kuma daga Satumbar 2020 batun ya shiga darasin zamantakewa da lafiya da aka wajabta. Rubuta doka shi ne mai sauƙin. Wuyar tana wurin malamin da aka ɗora wa darasin ba tare da horo ba, wanda ke tsoron kada ɗalibai su ambaci manhajar da bai taɓa ji ba. Irin wannan malami ba ya buƙatar sanin kowace manhaja, tunda suna sauyawa kafin a buga littafi. Yaudara, matsin abokai, kunya da son a yaba wa mutum tsofaffin abubuwa ne da ya fi ɗalibansa saninsu, kuma idan ya bar su suka nuna masa yadda manhajar take, shi ya kawo tambayoyin, darasin yakan fi armashi.

Hana waya ita ce hanyar da gwamnatoci suka fi karkata a kai yanzu. Faransa ta hana wayoyi a firamare da ƙaramar sakandare a 2018, Holan ta fitar da su daga azuzuwan sakandare daga Janairun 2024, Ostireliya kuma ta zarce kowa da dokar Nuwambar 2024 mai hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta, wadda ta fara aiki ranar 10 ga Disambar 2025. Ina goyon bayan a ajiye waya lokacin darasi, domin aji yana buƙatar natsuwa. Damuwata ita ce kada hukumomi su ɗauka hanin ya maye gurbin koyarwa. Makaranta tana riƙe da yaro na 'yan awoyi ne, kuma wanda aka tsare har shekara 16 zai shiga dandalin ranar da ya cika, ko an shirya shi ko ba a shirya shi ba. Akwai kuma hatsarin cewa yaron da ya shiga ta bayan fage ya gamu da cuta zai ƙara jin tsoron faɗa, tunda faɗar tana nufin tona kansa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a bayaninsa mai lamba 25 na 2021, ya tabbatar da cewa haƙƙin yaro na samun kariya, da na samun bayani, da na sirri, da na faɗin ra'ayinsa duk suna aiki a intanet, don haka makarantar da ke leƙa duk abin da ɗalibi ya rubuta da sunan kare shi dole ta yi taka-tsantsan da abin da take koya masa game da sirri.

Akwai iyakar da makaranta ba za ta iya tsallakewa ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗan shekara 12 nauyin kare kansa daga tsarin da kamfanoni masu dukiya suka ƙera, sannan idan ya faɗi a ce bai saurari darasi ba. Dokar amincin intanet ta Birtaniya ta 2023 ta mayar da wani ɓangare na nauyin kan kamfanonin, ta ba Ofcom, hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasar, ikon cin tarar da za ta kai fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya, duk wanda ya fi yawa. Iyaye ma suna da nasu rabon, kuma makaranta za ta iya taimaka musu da abu guda mai sauƙi: ta kira su ta nuna musu misalan da ake nuna wa 'ya'yansu, ta roƙe su su faɗa wa yaran tun kafin komai ya faru cewa duk ranar da suka zo da matsala, za a fara da magance matsalar, maganar waya da hukunci kuma ta jira.